Gyaran Birni da Tallafin Sana'a: Ina Rabonmu Mata?

Jawabin da ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya ta gabatar a ranar bikin zagayowar kafa ƙungiyarmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, wakilin mai unguwa, malamanmu, mazajenmu da suka daure suka zo, 'yan uwana da 'ya'yana mambobi, barkanmu da ganin wannan rana. Waɗanda muka fara wannan tafiya da su suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, Ya sa Aljanna ce makoma.

An ce in yi magana a kan gyaran birni da kuɗin tallafi. Da Hajiya Sakatariya ta kawo mini saƙon, sai na ce mata ai wannan zancen injiniyoyi ne. Ta ce, "Mama, in an zo faɗaɗa titi, gidan injiniya ake yankewa ko naki?" Sai na yi shiru, na karɓa.

Bari in fara da tuna mana inda muke zaune. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar nan. Sarki Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Ku lura da abin da magabata suka haɗa wuri guda: tsaro, wurin zama, da wurin neman abinci. Marinar Ƙofar Mata, dukawa, maƙera, masu ɗinkin hula, kowace sana'a da unguwarta. To ashe tsara gari tare da sana'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

A zamanin nan ma an yi ta tsare-tsare. Akwai shirin raya Kano na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda wani Bature mai suna Trevallion ya rubuta. Yau hukumar KNUPDA ce ke kula da tsara gari da ba da izinin gini. A 2007 aka shigar da ganuwa da Dutsen Dala da Kurmi da Gidan Rumfa cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, kuma har yanzu a layin jira muke. Maƙwabtanmu na Agadas sun samu nasu a 2013. Mu kuwa hawan Sallah ne ya samu shiga jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024.

Sauran kuma da idonmu muka gani. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya, aka gina sabuwa. Zamanin mulkin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka ɗora gada a Ƙofar Nasarawa, aka fara rufe kwatar Jakara don yin titin Wuju-Wuju. Mun ga aikin Lungu Ƙal-Ƙal, inda aka shimfiɗa bulo a lunguna. Mun ga shaguna sun tsiro a filin Idi da jikin badala, sannan a watan Yuni na 2023 mun ga an rushe su. Ban zo nan in ce wane ya yi daidai, wane ya yi kuskure ba; kowacce a cikinmu tana da wanda ta zaɓa, kuma ƙungiyarmu ba ta jam'iyya ba ce. Darasi ɗaya nake so mu ɗauka. 'Yan kasuwar filin Idi da suka je kotu, da sunan ƙungiyarsu mai rajista suka je, kuma kotu ta saurare su. Da ɗai-ɗai suka tafi, wa zai ji kukansu?

Yanzu bari in shigo cikin gida, don nan ne tamu matsalar take. Sana'ar macen cikin birni ba ta da allo a bakin titi. Tana cikin soro, tana tsakar gida. Wannan tana ƙuli-ƙuli, waccan tana alkaki da dubulan na biki, wata tana murza taliya, wata ɗinkin hula, wata haɗa turaren wuta da humra, wata kitso da lalle. Da wannan ake biyan kuɗin Islamiyya, da shi ake haɗa kayan ɗakin 'ya. Amma ranar da ma'aikata suka zo da awo da jan fenti, bango suke ƙirgawa da ɗakuna. Ba wanda ke ƙirga tandar waina.

Ina da gwaggo, Allah Ya jiƙanta, da aikin hanya ya ci gidansu. An biya diyya, ba a hana ba. Amma gidan gado ne, da aka raba tsakanin magada, abin da ya zo hannunta bai kai na fili a cikin gari ba. Ta koma bayan gari haya. Kuɗin gini an ba ta, amma masu sayen kokonta na shekara da shekaru suna nan inda ta baro su. Har ta rasu ba ta sake ɗora tukunyar sana'a ba.

Don haka ku riƙe wannan. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon karɓar wuri don amfanin jama'a. Diyyar da dokar ta tanada ta gini ce da abin da aka raya a wurin. Galibin gidajenmu na gado ne, ba su da takardar mallaka ta gwamnati. To kada mu jira sai jan fenti ya hau bango. Kowacce ta koma gida ta tambayi maigida ko yayyenta, cikin ladabi: ina takardar gidan nan? In an raba gado, akwai takardar kotu? In saye aka yi, ina takardar ciniki da shaidu da sa hannun mai unguwa? Akwai sunan mata a cikin magada? A yi hoton takardun, a ajiye a wuri biyu. Mazajenmu da ke nan, don Allah kada ku ɗauki wannan tambaya a matsayin raini. Rufin asirinmu ne gaba ɗaya.

Sai maganar tallafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ta san yadda jari ya narke a hannu. Kuɗin da ke sayen buhun gyaɗa a da, yau sai dai a auno a kwano. Shi ya sa da an ce "ana rubuta suna", sai a bar tukunya a kan wuta a fita. Ku tsaya mu bambance. Akwai kyauta, akwai bashi. TraderMoni da aka fara a 2018 da naira 10,000 ta hannun Bankin Masana'antu, bashi ne marar ruwa, amma da yawa sun ɗauka kyauta ce. Shirin NG-CARES, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 750 bayan annobar korona, yana da ɓangaren tallafin ƙananan sana'o'i, kuma ta hannun jihohi yake bi. Akwai shirin mata na Nigeria for Women, wanda ya fara a 2018 da jihohi 6, babu Kano a zagayen farko, sannan a 2023 Bankin Duniya ya amince da ƙarin dala miliyan 500 don faɗaɗa shi. Shi wannan shiri, ginshiƙinsa mata ne su haɗu rukuni-rukuni, su riƙa tara kuɗi, suna ba juna rance, suna rubutawa. Wato adashinmu ne, aka sa masa littafi. Kuma kuɗin Bankin Duniya rance ne a kan ƙasa. Mu da jikokinmu za mu biya. In kin karɓa, ba alfarma aka yi miki ba, kuma in aka karkatar, ke aka cuta.

Abin da masu ba da irin wannan kuɗi ke nema bai da yawa: rajistar ƙungiya, asusun banki da sunan ƙungiya, lambar NIN da BVN ta kowace mamba, da littafin shige da fice. Duk wanda ya ce ki ba shi kuɗin fom, ko ki karanto masa lambar da ta shigo wayarki, ko ki ba shi katin cirar kuɗinki zai karɓo miki, ki ce masa sai kin tambayi Sakatariya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. A ce an ba ki naira 50,000 yau. Rabi ya tafi asibiti, saura ya shiga tukunya, wata biyu babu labari. Ba laifinki ba ne, buƙata ce ta yi yawa. Amma a ce mata 20 sun haɗa rabin nasu, ai an tashi naira 500,000, kuɗin da za a fara maganar injin niƙa ko na matsar mai, a ɗauki ɗanmu ko 'yarmu aiki a kai. A nan tallafi ke zama aikin yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma mu daina ganin gyaran gari daban, sana'a daban. Kududdufan da ke shanye ruwan sama an cike da yawansu an yi gini, kwatoci sun toshe da leda, shi ya sa da damina ruwa ke shigo mana har ɗaka, katangar ƙasa ta jiƙe ta faɗi. Mai dubulan da ruwa ya shiga ɗakinta ta yi asarar jari. Lungun da babu fitila, ba mai aiko yaro sayen tuwo bayan isha. In za a tambaye mu me muke so, mu ce magudanar ruwa, ruwan famfo, fitila, da rumfar da mata za su baje kayansu. In kuma an kawo aikin, mu nemi a ɗauki 'ya'yan unguwa: masu buga bulo, magina, masu kwashe shara. Maginanmu na gargajiya da suka iya tubali da maƙuba suna ƙarewa. Gyaran badala aikinsu ne, kuma makaranta ce ga yara.

Ga roƙona guda huɗu kafin baɗi war haka. Na ɗaya, mu buɗe littafi mu rubuta sana'ar kowace mamba, da lungun da take, da mutum nawa ke ci a ƙarƙashinta. Ranar da aka zo awo ko rabon tallafi, shi za mu ajiye a kan tebur. Na biyu, kowacce ta binciki takardar gidansu. Na uku, mu zaɓi mata uku masu baki da natsuwa, su riƙa zuwa wurin mai unguwa da kansila da sakatariyar ƙaramar hukuma, ko Birni ce ko Dala ko Gwale, su ji abin da ake shiryawa tun yana takarda. 'Yan matanmu da suka yi boko su raka su da biro. Na huɗu, duk tallafin da ya shigo ta hannun ƙungiya, a karanta sunaye da adadi a bainar taro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Iyayena, 'yan uwana, na daɗe a tsaye, kuma na hango an fara shigo da kuloli. Abin da na faɗa daidai, Allah Ya ba mu ladan. Inda na yi kuskure, ku yafe mini. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da Kano da ƙasarmu lafiya, Ya maimaita mana.