KWAMFUTA A CIKIN GIDA: KARATUN ƊA KO KARTAR UBA?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halatta mana neman abinci ta hanyar sana'a da ciniki, ya hana mu cin dukiyar juna da ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallama, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, dalilin zamanmu na yau wata tambaya ce da wani ɗan'uwa ya aiko mana a rubuce, bai sa sunansa ba. Ya ce shi ƙaramin ma'aikaci ne, albashinsa bai taka kara ya karya ba, yana son sayen kwamfuta ɗaya mai rahusa, ɗansa ya yi karatu da ita da rana, shi kuma da dare ya riƙa taɓa wasan kartar intanet da ake kira foka, ko ya sami na cefane. Wace iri ce za ta ɗauki aikin biyu? Mun yaba masa da ya faɗi gaskiya, domin mai ɓoye ciwonsa ba ya samun magani. Za mu raba tambayarsa gida biyu, mu amsa kowane da abin da ya dace da shi.

Na farko, buƙatar yaro. Wannan buƙata ce ta gaskiya, kada wani ya raina ta. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya a kan kwamfuta, kuma yaron da bai taɓa riƙe ta ba sai ranar jarrabawa, lallai an tauye shi tun daga gida. To amma ba sai uba ya ci bashi ba. Kwamfuta ta hannu mai lafiya, irin waɗanda ofisoshin ƙasashen waje suka yi aiki da su suka sallamar, kamar Dell Latitude ko HP ko Lenovo ThinkPad, ana samunsu a kasuwar Beirut ta Kano da Computer Village ta Ikeja, kuma sun ishi yaro. A nemi mai RAM gigabait 8 da ma'ajiyar SSD gigabait 256, domin ita ce ke sa na'ura ta tashi da sauri. A sani kuma kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka a tambayi mai sayarwa ko na'urar tana karɓar Windows 11. A injin Intel sai zubi na 8 zuwa sama. Wanda ƙarfinsa bai kai nan ba, tsohuwar na'ura tana aiki da Linux Mint, kuma kyauta ce. Kafin a biya kuɗi a cire ta daga wuta a ga daɗewar batirinta, a danna kowane harafi, a duba fuskarta da kyau, a tafi da wanda ya san kan abin. Saye da ido rufe ba tawakkali ba ne.

Na biyu kuwa, maganar foka. Ta fuskar na'ura amsar gajera ce: manhajar karta ba ta buƙatar wani ƙarfi, duk kwamfutar da ta ishi yaro rubutu da karatu ta ishi ɗan caca. Nan ne haɗarin yake, domin ba sauran shamaki tsakanin abin biyu sai tsoron Allah na mai gida.

Allah Maɗaukakin Sarki ya ambaci caca tare da giya a Suratul Baƙara aya ta 219, ya bayyana cewa zunubinsu ya rinjayi amfaninsu. Sa'annan a Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91 ya yanke hukunci, ya yi umarni da a nisance su, ya kuma faɗi dalili: ƙiyayya tsakanin mutane, da shagala daga ambaton Allah da salla. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa wanda ya kira abokinsa zuwa caca da baki kawai an umarce shi ya yi sadaka. To ina ga wanda ya sayi na'ura musamman dominta?

Wani zai ce ai foka wasan basira ne, ba sa'a ba ce zalla. Muna cewa: ma'anar caca a wurin malamai ita ce kowa ya zuba nasa, kowa kuma yana tsakanin ya kwashe na wasu ko a kwashe nasa. Ƙwarewar ɗan wasa ba ta canza wannan siffa, kamar yadda ƙwarewar ɓarawo ba ta halatta masa kayan sata.

Ko ta fuskar lissafin duniya ma, ku duba yadda abin yake. A foka masu shafin ba sa wasa da kowa. La'ada suke cirewa daga kuɗin da aka tara a kowane zagaye, sau da yawa kusan kashi 5 cikin 100 har zuwa wani iyaka. Saboda haka abin da 'yan wasa za su tashi da shi gaba ɗayansu kullum bai kai abin da suka zauna da shi ba. An fara wannan wasa da kuɗi a intanet a 1998. A 2003 wani akanta ɗan Amurka mai suna Chris Moneymaker ya sami kujera ta hanyar intanet a babbar gasar Las Vegas, ya ci dala miliyan 2 da rabi, labarinsa ya ja ɗimbin matasa cikin wasan. Mutum 839 suka shiga gasar nan, amma sunan ɗaya ake ta maimaitawa. Ranar 15 ga Afrilu, 2011 kuma, hukumomin Amurka suka kama manyan shafukan foka uku, sai ga shi ɗayansu, Full Tilt Poker, ba shi da kuɗin da zai mayar wa masu ajiya. Wasu sai da suka yi shekaru suna jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka. Abin da likitoci suka gano bayan wahala, Alƙur'ani ya riga ya gaya mana shi.

Sa'annan mu dawo kan yaron. Ya ɗan'uwa, kana tsammanin abin da ka yi da dare zai ɓace kafin gari ya waye? Tambarin manhajar yana nan a fuskar na'ura, shafin da ka shiga yana cikin tarihinta, tallar caca za ta riƙa faɗo wa yaro yana tsakiyar aikin makaranta, lambar katin bankinka kuma wataƙila na'urar ta haddace. Shafukan nan suna cewa sai ɗan shekara 18, amma idan uba ya bar ƙofarsa a buɗe, wa zai tambayi yaro shekarunsa? Ko da ka kulle komai, yaro ya fi koyo da ido a kan kunne. Zai ga fuskarka ranar da ka ci da ranar da aka cinye ka, zai ga Asuba ta wuce kana barci. Da wane baki za ka hana shi gobe? Abin da babba ya shuka a gida shi yaro yake girba.

Saboda haka shawararmu ita ce: ka sayi kwamfutar, ka bar kartar. Ka ajiye ta a falo inda kowa yake wucewa, kada ta kwana a ɗakin yaro. Ka buɗe masa asusunsa dabam wanda ba ya iya sa manhaja sai da izininka. Microsoft Family Safety yana ƙayyade lokaci, yana toshe shafukan banza. Kada ka bar lambar katin banki a cikinta. Idan an kira salla a rufe ta, kai da shi. In kuwa ƙarin na cefane kake nema, wannan na'urar dai tana buga takardu, tana cike wa mutane fom, tana riƙe lissafin shago, duk halal ne.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, kada ya yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ya goge manhajar a daren nan, ya rufe asusun, ya bar bin kuɗin da ya tafi, domin bin asara shi ne igiyar da ake jan ɗan caca da ita. Ya gaya wa wani amintacce halin da yake ciki. Mu kuma mu rufa masa asiri, mu kama hannunsa, kada mu mayar da shi abin zance a majalisa.

Allah ya tsare mu da 'ya'yanmu daga haram, ya wadata mu da halal, ya shiryi mai tambaya, ya yi wa ɗansa albarka. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, Allah ya gafarta mana.