Daga Matatar Mai Zuwa Bahon Wanki



In an ambaci Rido, matatar man Kaduna ce ke fara faɗo wa mutum a rai, wadda aka buɗe a 1980. Amma a 1988 an ƙara mata wani sashe mai sarrafa sinadarin LAB, wanda daga kananzir ake samo shi, kuma da shi ake haɗa garin sabulun wanki. Ke nan kumfar da ke bahon mai wanki da guga 'yar uwar kananzir ce.

Sana'ar wankin kuɗi ta daɗe a ƙasar Hausa. Mabuga na shimfiɗa babbar riga a kan gungume su yi ta bugu har ta ɗauki sheƙi, kuma har gobe shadda mai tsada hannunsu take so. A Amurka kuwa, tun a ƙarni na 19 gidajen wanki suka koma ga tururi. Injin otal da asibiti na yau ganga ce mai jujjuyawa: ta wanke, sannan ta yi gudun da zai tatse ruwan, a miƙa zannuwa ga naɗi mai zafi ya goge.

To, amma injin nan ba ya motsi sai da lantarki tsayayye da ruwa wadatacce. Matatar ta shafe shekaru tana barci, man janareta ya yi tsada. Shi ya sa mai wanki a kudancin Kaduna bai rabu da dutsen gugar gawayi ba, kuma ban ga laifinsa ba.