Rami Talatin a Gindin Itace

Masu saurare, in kun biyo ta Tebaram bayan la'asar, ku duba gindin itace. Rami talatin ne a ƙasa, kowane ɗan wasa da ƴaƴa goma sha biyu, wannan da tsakuwa, wancan da tsinke. Dara ke nan.

Amma ba jera ƴaƴa uku kaɗai ke tara dattawa a wurin ba. Kowa da mazauninsa, kowa da laƙabin da aka liƙa masa ranar da aka cinye shi. Baƙo sai ya daɗe yana kallo, yana miƙa shayi, kafin a ce masa: bismilla.

Ɗan biɗa ya dawo daga Abijan ko Libiya? Gurbinsa na nan, har da tsiyar da ake masa bara.

Samari ƴan fada masu kartar balot, ku riƙa leƙa dattawan nan.