Ina Ya Kamata A Tsaya Duban Jinjirin Wata?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, shari'a ta rataya azuminmu da sallarmu a kan ganin wata. Kullum muna tambayar adalcin mai shaida, amma ba mu cika tambayar inda ya tsaya ba. Alhali mutum amintacce yana iya kuskure idan wurin bai dace ba.

Jinjirin wata yana fitowa ne ƙasa-ƙasa a yamma bayan faɗuwar rana, kuma sau da yawa ba ya kai sa'a guda ya faɗi. Mafaɗarsa ba ɗaya ba ce. Tana karkata kudu ko arewa gwargwadon lokacin shekara. Don haka masana falaki suke son yammacin wurin ya kasance a buɗe, kimanin daraja 30 ta kowane gefe, babu dutse, babu bene, babu kurmi. Tudu a tsakiyar birni ba ya wadatarwa, domin hayaƙi da hasken lantarki suna dushe sararin.

A ƙasarmu akwai ƙarin matsala biyu: hazon hunturu da gajimaren damina. Tunda Ramadan yana matsowa da kwana kusan 11 kowace shekara, wurin da ya yi kyau bana yana iya kasawa nan gaba. Wajibi ne a jarraba shi wata goma sha biyu, ana rubuta abin da aka gani, kafin a aza tubali.

Sai ilimi. Magabata sun gina ɗakin duban taurari a Maraga a 1259. A 2021 Indunusiya, Malesiya, Burunai da Singafo suka amince cewa sai tsayin wata ya kai daraja 3, nisansa da rana daraja 6.4. Ba mu ce lissafi ya maye gurbin gani ba. Aikinsa ya nuna inda za a duba, ya kuma tona kuskuren wanda ya ga tauraruwar Zahra ko guntun gajimare.

Shawarata ga kowane reshe: a zaɓi filin da yara 'yan Islamiyya za su iya zuwa, mai wurin alwala da sallar magariba, a fita da su ranar 29 ga kowane wata, a miƙa sakamakon ga kwamitin ganin wata na Mai Alfarma Sarkin Musulmi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.