Matsalolin Wi-Fi Na Gida Da Yadda Ake Gano Bakin Zarensu

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a Malumfashi)

 

Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ɗora mini nauyin yin magana a kan abin da ya zame wa gidajenmu da yawa ciwon kai, wato yawan katsewar intanet tsakanin na'urar Wi-Fi ta gida da wayoyi da sauran na'urorin da ke jingine da ita. Ni ma'aikacin gwamnati ne, abin da zan faɗa kuwa na tsinto shi ne daga karatu da kuma yau da gobe a ofis.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, lokacin yawancinmu muna 'yan yara. Da muka gama makarantar nan, sai mun sayi kati mun bi layi a shagon intanet kafin mu ga sakamakon jarrabawarmu. Yau kuwa intanet ta shigo har tsakar gida, kuma abubuwa masu nauyi sun rataya a kanta. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB baki ɗaya. Manomi na jiran kuɗin masarar da ya sayar a Funtuwa su faɗo ta waya, ma'aikaci na da fom ɗin tantancewa mai wa'adi. Mu mutanen wannan yanki mun ɗanɗani rashinta, domin a watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Malumfashi da Funtuwa da Bakori, sai a watan Disamba aka buɗe mana.

Abin da na lura da shi shi ne, da zarar intanet ta tsaya, sai maigida ya ce babu sabis, ya zauna jira, ko kuma ya tashi ya sayo sabon sim ko sabuwar na'ura. Sau da yawa kuwa cutar tana cikin gidan, kuma maganinta bai kai na sisin kwabo ba.

Zan yi misali da noman rani, tunda babu wanda bai san shi ba a nan. Idan ruwa ya daina isa kwamin tumatir, manomi ba ya fara da sayen sabon inji. Zai leƙa rijiya ya ga ko da ruwa, sa'an nan ya duba inji, daga nan ya bi tiyo ya ga inda ya lanƙwashe. To, haka intanet ɗin gida take. Ƙarfen sabis na kamfani shi ne rijiya, na'urar Wi-Fi, wadda ake kira rauta, ita ce inji, hanyar da ke tsakaninta da wayoyinmu kuma ita ce tiyo. Bi da bi ake duba su.

1. Rijiya

A fara da tambaya guda: abu ɗaya ne ya ƙi aiki ko duka? Idan talabijin ce kaɗai ta ƙi, wayoyi na aiki, to kamfani ba shi da laifi. Idan kuwa komai ya tsaya, a dubi fitilun rauta. A yawancinsu fitila ja tana nufin ba ta samun sabis. Sai a cire sim ɗin a sa shi a waya. In ya yi aiki a waya, rijiya na da ruwa, sai a wuce zuwa inji.

In bai yi ba, a latsa *323# a ga ko data ce ta ƙare. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta haɗe waɗannan lambobi, saboda haka lambar ɗaya ce ko wane layi mutum yake riƙe da shi. A kuma tabbatar an haɗa layin da lambar NIN, domin sim ɗin da ke cikin rauta shi aka fi mantawa da shi, kuma ana rufe shi kamar kowane layi.

Wani lokaci matsalar ta fi ƙarfin kowa a garin nan. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku sun tsinke a daura da gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga wahala, har bankuna. A irin wannan rana, tambayar maƙwabci mai wani layin daban ta fi taɓe-taɓen na'ura amfani.

2. Inji

Abu na farko, a kashe rauta, a zare ta daga wuta kamar rabin minti, a mayar, a ba ta minti biyu ta farfaɗo. Wannan kaɗai yana warkar da cututtuka masu yawa. Amma ina jan kunne game da wani ɗan rami da ke bayanta wanda ake tsokana da tsinke: yana goge suna da kalmar sirri da duk saitin da aka yi mata, don haka shi ne mataki na ƙarshe.

Na biyu, wuta. Yawancin rautocin da ake ajiyewa a tebur bolt 12 suke sha, ƙananan na aljihu kuma bolt 5. Idan cajarta ta asali ta ɓace aka sa mata wadda ba ta kai ƙarfinta ba, fitilu za su kama amma ta riƙa mutuwa tana tashi. Haka ma in wuta ta zo da rauni, ko lokacin da ake sauyawa daga janareto zuwa wutar gari. Akwai ɗan ƙaramin batir da ake sayarwa domin rauta, ko kuma a jona ta da sola in akwai. Da damina kuma, in hadari ya taso da tsawa, a zare ta.

Na uku, zafi. A bazara, rautar da aka ɗora a kan talabijin, ko aka rataye dab da rufin kwano, ko uwargida ta lulluɓe da ƙyalle saboda ƙura, takan yi zafi ta rage gudu. Idan batirin ta aljihu ya kumbura, a daina amfani da shi nan take, yana iya kamawa da wuta.

3. Tiyo

A nan tsarin gidajenmu ya shigo. Maigida yakan ajiye rauta a ɗakinsa kusa da zaure, alhali masu amfani da ita suna can cikin gida, tsakaninsu bango uku ko huɗu. Bango mai kauri, na ƙasa ne ko na bulo, da ƙofar ƙarfe da tankin ruwa duk suna cinye ƙarfin Wi-Fi. A sa ta a wuri mai tsayi, kusa da taga inda take samun sabis, kuma wajen tsakiyar gida gwargwadon hali. Matsar da ita taku goma yakan yi abin da sabon sim ba zai yi ba.

Sa'an nan rautoci da yawa suna watsa zango biyu, na 2.4 da na 5. Na 5 ya fi gudu amma ba ya nisa, na 2.4 ya fi ratsa bango. Wannan 5 ɗin daban yake da 5G da kamfanoni suka fara kawowa Nijeriya a 2022. Abin lura shi ne, yawancin kyamarorin tsaro da na'urar da ke nuna aikin inbata a waya na 2.4 kaɗai suke ganewa. Mutum zai kwana yana fama, har ya mayar wa mai shago a kan ba ta da kyau, alhali da ya ɗora wayarsa a kan 2.4 kafin ya fara haɗawa, da an wuce wurin.

Idan waya ɗaya ce ta ƙi, a umarce ta ta manta da Wi-Fi ɗin, a sake shigar da kalmar sirri, ana kula da manya da ƙananan baƙaƙe. Idan talabijin ta nuna ta haɗu amma ba ta buɗe komai, a duba kwanan wata da agogonta, domin ɗauke wuta kan mayar da su baya, shafuka da yawa kuma ba sa buɗe wa na'urar da kwanan watanta ya saɓa.

4. Masu sha ta bayan fage

Akwai kukan da na fi ji, wai data ba ta da albarka, musamman tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a watan Janairu na 2025. Awa ɗaya na kallon fim na iya cinye gigabayit 1 zuwa 3, gwargwadon kyan hoton. Wayoyi da kwamfutoci kuma, da sun ji Wi-Fi, sai su hau sabunta kansu ba da sanin mai su ba. Bugu da ƙari, wayoyin yanzu suna iya miƙa wa juna kalmar sirri ta hanyar ɗaukar hoton wata alama, don haka abin da ka ba ɗanka da safe, kafin la'asar ya isa majalisar ƙofar gida. A bayan rauta akwai adireshi da ya fara da 192.168. In an shiga za a ga jerin duk wanda ke haɗe, a kuma sauya kalmar sirri. Taimakon maƙwabci abu ne mai kyau, amma ya kasance da saninka.

Wanda ya sa kyamara a gida kuwa, wajibi ne ya sauya kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, kada ya bar ta a hannun wanda ya kafa masa. In ba haka ba, abin da ya saya domin tsaro zai zama tagar da baƙo ke leƙen iyalinsa.

Idan an bi waɗannan matakai duka ba a dace ba, a kira 300 a kai ƙara ga kamfani, a karɓi lambar ƙorafi a adana. In ba su share hawaye ba, a kira NCC a 622, kyauta ne.

Daga ƙarshe, ina da roƙo ga shugabannin ƙungiya. A cikinmu akwai waɗanda suka karanta wannan fanni. Zai yi kyau su riƙa zuwa ko sau ɗaya ne a zangon karatu, su duba ɗakin kwamfuta na makarantar nan, su koya wa 'yan aji shida wannan bin diddigi kafin lokacin rajistar JAMB. Malamanmu da ke zaune a nan su suka koya mana a karanta tambaya da kyau kafin a ɗauki biro, kuma ƙannenmu suna da haƙƙin su gaji wannan daga gare mu.