Kiranyen Mota: Wasiƙar Da Ba Ta Isowa Kebbi

Wannan shi ne jawabin da editan wannan jarida ya yi wa direbobi da kanikawa masu halartar ajin yaƙi da jahilci a Birnin Kebbi. Mun buga shi don amfanin 'yan uwansu na Argungu da sauran garuruwa.

 

Ni ba direba ba ne, ba kuma makaniki ba. Malamin takarda ne. Saboda haka idan na yi kuskure a sunan wani ƙarfe, ku gyara mini. Na zo ne da wani labari na ƙasar Amurka, wanda ƙarshensa yake faɗowa a ƙofar garejinmu.

Kun san kiranye, irin wanda jama'a kan yi wa ɗan majalisar da bai yi musu aiki ba. To, mota ma ana yi mata kiranye. Idan kamfani ya gano cewa ya sayar da mota mai lahanin da zai iya jawo haɗari, dokar Amurka ta tilasta masa ya rubuta wa duk mai irin motar wasiƙa, ya ce a dawo da ita a gyara kyauta.

A watan Afrilu na 2025 kamfanin General Motors ya yi wa motoci kusan 600,000 kiranye a Amurka. Manyan jif-jif ne da manyan a-kori-kura ƙirar 2021 zuwa 2024: Chevrolet Tahoe, Suburban da Silverado, GMC Yukon da Sierra, da Cadillac Escalade, waɗanda ke ɗauke da inji mai fulogi takwas, lita 6.2. Laifin yana can cikin cikin inji, a jikin karanshaf da sandunan da ke haɗa shi da fistin. Mutum yana cikin gudu a kan babban titi sai inji ya buga, mota ta mutu.

Ga maganin da kamfanin ya kawo. A kai mota, a jona mata na'ura a duba. Wadda ta faɗi jarrabawa a sa mata wani inji. Wadda ta ci, sai a juye baƙin manta mai lamba 0W-20, a zuba mai kauri mai lamba 0W-40, a canza filta da murfin mai, a ce wa mai ita ya tafi.

Nan fa rigima ta tashi. Masu motoci da yawa suka ce hankalinsu bai kwanta ba. Suka ce ta yaya ƙarfen da aka ƙera ba daidai ba zai warke da canjin mai? Wasu suka kai ƙara kotu. A farkon 2026 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta sake buɗe bincike, domin an kai mata koke cewa akwai injinan da suka buga bayan an duba su an ce lafiya lau.

Na ga wasunku suna murmushi. Na san dalili. Wa ke nan da bai san dabarar zuba mai mai kauri a tsohon inji ranar da za a kai mota kasuwa ba? Inji ya yi tsit kamar sabo, mai saye ya biya, bayan sati biyu ƙara ta dawo. Ban ce abin da kamfanin ya yi ke nan ba. Injiniyoyinsa suna da hujjarsu, cewa mai mai kauri yana ƙara kare ƙarfe daga gogar ƙarfe. Amma mai mota ba ya ganin cikin inji, maganar mai dubawa kawai yake da ita. In wanda ya yi laifin shi ne mai dubawa, kuma shi zai biya kuɗin sabon inji in ya ce akwai lahani, dole zuciya ta yi wasiwasi.

Toyota ma ta shiga irin wannan. A watan Mayu na 2024 ta yi wa Tundra da Lexus LX 600 kimanin 102,000 kiranye, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin inji tun daga masana'anta. Ita ba ta tsaya tantancewa ba, ta ce kowace mota za a sauya mata inji kyauta. Mutane sun fi natsuwa da wannan. Duk da haka magana ba ta ƙare ba, don a watan Nuwamba na 2025 ta ƙara yi wa wasu kimanin 127,000 kiranye a kan matsala iri ɗaya.

To, ina ruwan Kebbi da wannan? Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Argungu lokacin bikin kamun kifi ya ga jerin jif-jif na manyan baƙi suna wucewa zuwa Matan Fada. Kuma kun san yawancin motocin da ke shigowa ƙasar nan Beljiyam ne, an riga an hau su a wata ƙasa. Motar da ake rigima a kanta yau a Amurka, ita ce za a yi gwanjonta gobe, ta sauka a Legas ko Kwatano, jibi ta zo hannun ɗayanku, ko dai ya tuƙa wa maigida ko ya kwance ta a gareji. Wasiƙar kiranye kuwa tana can ta tafi gidan Baturen da ya fara saye. Ba mai aiko maka da ita Birnin Kebbi. Gyaran kyautar ma a can yake, kada ka sa rai zai biyo ka.

Na ɗanɗana irin wannan a tawa 'yar tsohuwar motar. Wani ya duba mini ita, ya ce babu komai, in tafi. Ina wuce Ambursa kaɗan ta tsaya cik, ga rana, ga iyali a ciki. Da na koma ya ce shi bai ce haka ba. Ba ni da abin nunawa, don ban sa ya rubuta komai ba.

Ga inda karatunku zai yi aiki. Kowace mota tana da lambar casis, haruffa da lambobi guda 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin ƙofa. Babu I ko O ko Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Na farko yana faɗin ƙasar da aka ƙera ta: 1, 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan. Na goma yana faɗin shekara: M 2021, N 2022, P 2023, R 2024. Dillali zai iya cewa motar 2024 ce, amma harafi na goma ba ya cin kamasho.

Idan motar ta kasuwar Amurka ce, a kwafi lambar nan, a shiga nhtsa.gov/recalls a wayar hannu, a rubuta ta. Kyauta ne. Zai nuna ko akwai kiranyen da ba a riga an yi gyaransa ba. In akwai, ko dai ka fasa saye, ko a rage kuɗin inji daga farashi tun kafin a yi sallama.

Ku kuma kanikawa, roƙona biyu ne. Idan kun duba inji, ku yanka tsohuwar filta ku nuna wa mai mota da idonsa. In akwai ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, ya gani, magana ta ƙare. Sannan ku rubuta a takarda: kwanan wata, nisan da mota ta yi, abin da kuka duba, irin man da kuka zuba, ku sa hannu. Kada kuma wani ya fita daga nan ya ce edita ya ce a riƙa zuba 0W-40 a kowace mota. Wannan na injin da na ambata ne kawai. Kowace mota lambar manta tana cikin littafinta, sau da yawa ma tana kan murfin.

Na yi magana da malaminku. A darasi na gaba kowa ya zo da fensir da littafinsa, za a fita filin tasha a kwafi lambar casis ta motoci biyar-biyar, a fitar da ƙasa da shekarar kowacce. Sarkin tasha ya yarda a fara da tasa.