Duhun Daren Falgore Ma Arziki Ne



An umarce mu da mu yi bayani a kan hoton da muka rataye a ƙofar zauren nan, domin wasu sun zaci zanen fenti ne. Hoto ne da muka ɗauka a bayan garinmu Falgore da kaka, bayan ɗaukewar damina, kafin hazo ya rufe sama.

Kowa a nan ya san Kaza da 'Ya'yanta. Idan ta yi sama, wasu taurari uku a jere sukan biyo ta daga gabas. A kudu da su akwai wani ɗan dishi-dishi kamar hayaƙi, wanda masana ke kira gajimaren Oriyon. Tarin iskar haidirojin ce da sababbin taurari ke haskawa, kuma haskenta yakan yi tafiyar fiye da shekara 1,300 kafin ya iso idonmu. Henry Draper na Amurka ne ya fara ɗaukar hotonsa a 1880.

Irin wannan gajimare ba ya fitar da haske barkatai. Haidirojin na ba da ja a ma'aunin nanomita 656, oksijin na ba da kore mai shuɗi-shuɗi a 501, farar wuta kuma ja mai duhu a 672. Saboda haka mukan sa wa kyamara gilashin tacewa, wanda ke aiki kamar rariya: launi ɗaya ya wuce, sauran su tsaya. Na'urar hangen nesan kuwa tana kan ƙafa mai inji, wadda ke juyawa a hankali tana bin taurari, don kada hoton ya ja layi.

Hoto guda ba ya wadatarwa, domin yakan fito da ƙura-ƙura. Sai an ɗauki gommai, kowanne na 'yan mintoci, sannan a rufe bakin na'urar a ɗauki duhu zalla, don a gane dattin da kyamarar kanta ke haifarwa a cire shi. Daga nan manhajar kwamfuta irin su Siril, wadda kyauta ce, ta ɗora su bisa juna. Ƙurar ta ragu, hasken gaskiya ya fito. Launukan da kuke gani mu muka raba su: farar wuta ja, haidirojin kore, oksijin shuɗi, bisa tsarin shahararren hoton da na'urar Hubble ta ɗauka a 1995.

Jama'a, duban sama ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a lissafi da ilimin taurari. Kuma daga nan garin muna iya hango gajimaren Karina can ƙasa-ƙasa a kudu, wanda mutumin Ingila ba ya ganinsa daga ƙasarsa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Gilashin tacewa yakan taimaki kyamara ko a tsakiyar Kano, amma idon yaro ba shi da rariya. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a birni ba su taɓa ganin Kaza da 'Ya'yanta ba, saboda hasken fitilu ya dushe sama.

Don haka muna roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Na farko, fitilun sola da za mu kafa a titunan gari a yi musu hula, haskensu ya sauka ƙasa inda ake bukatarsa, tsaro ya samu, sama kuma ta tsira. Na biyu, mu haɗa kuɗi mu saya wa ɗalibanmu na sakandare ƙaramar na'urar hangen nesa. Mu kuma mun ɗauki alkawarin zuwa kowace kaka mu koyar da su.

Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.